Bencin Mati da Ƙyauren Asibi

Duk wanda ya zauna Tungar Illo, sabon garin da aka gina wa mutanen tsibiri a gefen Warra shekarar da aka datse kogin Kwara a Kainji, ya san Mati. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, domin Mati ba ya magana a hankali, kuma ba shi da labarin kowa sai nasa.

Da rani ya tafi aikin dam, kafin damina ta kankama ya dawo. Aikin da ya yi a can ba ɓoyayye ba ne: lebura ne, ya sauke katako daga mota ya kai wa kafintoci, in sun tashi ya share wurin. To amma da zai dawo sai ya dawo da hular kwano mai tsaga a ƙeya, da tsohon zarto mai giɓi, da lanƙwasassun ƙusoshi cike da aljihu, da sabon suna da ya raɗa wa kansa ba tare da an yanka rago ba. Wai Injiniya. A bakin masallaci ya sha faɗa wa mutane cewa babban Baturen dam ba ya zuba siminti sai ya leƙo ya ce, "Mati, a zuba?" In ya ce a dakata, ko injin ma shiru yake yi.

Taubashinsa Yusha'u, masunci, kullum kusa da shi yake zama don ya samu na tsokana.

"To Injiniya, kai da kar riƙe musu dam, don mi sunka sallame ka?"

"Wa yas sallame ni? Roƙo na sunka yi in huta, don yaran su koyi tsayawa da ƙahwarsu."

A gida kuwa matarsa Asibi tana da damuwa guda ɗaya tak, kuma ba ta siminti ba ce. An miƙa musu sababbin ɗakuna babu ƙyaure, an ce ƙyamaren suna hanya, hanyar kuwa ta ƙi ƙarewa. Asibi ta rataya asabari, amma asabari ba ya hana bunsurun maƙwabciyarsu Inna Dudu shiga. Wannan bunsuru ya fi Mati sanin inda buhun shinkafar gidan yake.

Abin haushin, tana da ƙyaure. Marigayi mahaifinta ne ya sassaƙa shi daga gungumen maɗaci, falle ɗaya babu haɗi, ya bi gefensa da zane irin na ƙayar kifi, ya sa masa zoben ƙarfe. Ranar ƙaura, da jirgi ya cika, Asibi ta sauke randarta ta bari a tsibiri don ƙyauren ya samu wuri. Yanzu ruwa yana hawa kan gidan uban da kabarinsa, abin da ya rage mata daga hannunsa ke nan. Sai dai ƙofar sabon ɗakin ta yi wa ƙyauren kaɗan. Ya fi ta faɗi da yatsa huɗu.

Wata safiya, bayan ta kori bunsurun da muciya, ta tare mijinta.

"Maigida, yatsa huɗu na hwa kaɗai. Ka aro gizago wurin Yusha'u, kahin la'asar an gama."

Mati ya ajiye ludayin kunu, ya dube ta kamar ta zage shi.

"Gizago? Ni? Asibi, a Kainji ba a yanka katako ƙasa kamar ana yankan kabewa. Sai an yi benci tukuna."

"Benci kuma? Mu da muke neman ƙyaure?"

"Ba na zama ba. Bencin zarto. Gungume ɗaya bisa, ƙahwa huɗu a buɗe, biyu nan biyu can. Ka ɗora katako, ka danne da gwiwa, zarto shi yi ta waƙa. Wanga gida daga yau shago na. Ki bari in kahwa bencina, ƙyaurenki aikin shan ruwa na."

Nan take ya kinkimi ƙyauren ya kai 'yar bukkar da ke gefen gida, ya jingine shi, ya ce daga yau wannan bukka ofis ce, kada mace ko akuya ta shiga.

Katako ne babu. Amma ga mai ido irin na Mati, gida cike yake da katako. Ya zare sanduna huɗu daga rumfar da Asibi ke girki, rumfar ta sunkuya gefe ɗaya ta zubo mata tsohuwar ciyawa a miya. Ya mirgino gungumen da baƙi ke zama kai a ƙofar gida. Ya wuni yana miƙe ƙusa da dutse, yana dukan yatsa, yana cewa haka ake yi a dam. Da yamma ya tayar da abin a tsakar gida, ya ja da baya ya riƙe ƙugu.

Bencin ya tsaya, amma ba da son ransa ba. Ƙafa uku a ƙasa, ɗaya tana lilo. Kaza ta hau, ya karkata, kazar ta sauka da kururuwa.

Inna Dudu ta leƙo ta saman zana.

"Mati, barka da arziki. Yaushe saniyarku tah haihu? Na ga ɗan maraƙin bai iya tsayuwa ba tukuna."

"Inna, abin ilimi na, ba ki gane shi."

"Awo. To a ba shi nono dai, yana rawar sanyi."

Mati bai kula ta ba. Ya san maganin abin. A dam ya ga kafintoci da wani katako mai 'yar kwalba a ciki da ɗigon ruwa, shi suke ɗorawa su gane ko abu ya daidaita. Washegari a bakin masallaci ya yi wa jama'a bayani.

"Ruwa ba ya ƙarya. Shi Turawa ka tambaya. Su nasu ruwan bai cika cokali ba, mu ko ga tabki guda Allah ya kawo muna har ƙohwar gida. In tsaida benci cikin ruwa, in shata kowace ƙahwa daidai inda ruwa yat tsaya, in yanke. Shi ke nan."

Ya ɗora benci a ka, yara na biye, har bakin tafki. Ya naɗe wando, ya shiga, ya kafa shi a inda ruwa ke iya ƙauri. Ya shata ƙafar farko da gawayi. Kafin ya zagaya ta biyu, wani jirgi ya wuce, igiyar ruwa ta wanke shatar. Ya sake. Wani jirgin ya sake wucewa. Mati ya miƙe yana ɗaga hannu.

"Kai masu jirgi! Ku tsaya! Ana awo!"

"Awon mi?"

"Awon gwamnati!"

Masunta suka ajiye filafili, ba don biyayya ba, don dariya ta hana su tuƙi. Matan da ke wanki suka bar wanki. Ƙafa ɗaya ta bencin tana nutsewa cikin laka a hankali, Mati yana bin ta da gawayi yana shata sabon wuri, har ƙafar ta koma kamar an yi mata tsaga. Da rana ta yi ƙasa ya ce ruwan yau ya cika surutu, zai bar bencin ya kwana nan, da sassafe in tafki ya natsu a yi awo.

Yusha'u ya ce, "Injiniya, ka ko san ruwan ga hawa shikai kullum? Dutsen da mata sunka yi wanki bisa shekaranjiya yau ba a ganin shi."

"Ni za ka gaya wa halin ruwan ga? Ni nib bar musu umarnin yadda za shi hau."

Da gari ya waye babu benci, babu dalilinsa. Mati ya yi ta sintiri a bakin ruwa yana cewa aikin 'yan baƙin ciki ne, har ya fara lissafa sunayen waɗanda yake zargi. Sai wajen azahar ga Yusha'u ya tunkaro gaci, yana jan wani abu a bayan jirgi, tarunsa ya naɗe shi kaca-kaca.

"Jama'a ku taho ku gani! Na kama kihi mai ƙahwa biyu! Ya yaga min taru, amma ba shi da ko tsoka!"

Mati ya karɓi kayansa fuska a murtuke. Ƙafa biyu sun tafi Kainji, wataƙila don su kai rahoto. A gida ya tarar da Asibi zaune a bakin ƙofarta da muciya a hannu tana gadi.

"Maigida, gizagon Yusha'u na nan hwa."

"Kada ki sake kira min sunan wanga ƙarhe cikin shagona."

Kwana ya yi yana tunani, kuma tunanin Mati bai taɓa dawowa hannu banza ba. Da safe ya tambayi Asibi ko ta taɓa ganin rumfa ta bi ruwa. Ta ce ba ta taɓa ba, sai dai ta ga wadda ta bi miji. Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce sirrin rumfa shi ne ƙafafunta a binne suke, don haka benci ma binne shi za a yi. Ya ɗauki gatari ya shiga daji, ya saro ɗanyun rassan cediya guda huɗu masu kauri, ya haƙa ramuka a tsakar gida daidai gaban ɗakin Asibi, don ta riƙa ganin ci gaba da idonta. Ya binne su, ya daddage ƙasa, ya ɗora gungume ya buga ƙusa.

Wannan karon kam ya tsaya. Asibi har ta ji sanyi a ranta, ta ce to a ɗauko ƙyaure.

"Yanzu? Ɗanyen aiki? A dam in anka zuba siminti, sai an yi ta ba shi ruwa sahe da marece har shi ƙeƙashe. In ba a ba shi ruwa ba tsagewa shikai. Haka benci."

"Ruwa? Icce?"

"Ke dai kawo tulu."

Haka aka shiga sabuwar hidima. Safe da yamma Injiniya yana zagaya bencinsa da tulu, hular kwano a ka, yana shayar da kowace ƙafa. Ranar da aka yi ruwan sama ma sai ya ƙara nasa, wai na sama ba a auna shi ba. Cediya kuwa ba ta san wasa ba. Ɗanyen reshe, ƙasa mai laushi, damina, ga mai ba da ruwa kyauta. Ba a daɗe ba ƙafafun suka fara tsiro. Da fari 'yan ƙurarraji ne kore, Mati ya ce alamar ƙarfi ce. Kafin a ankara ganye ya fito luf-luf ta kowace kusurwa.

Inna Dudu ta leƙo.

"Mati, ashe gona kas shuka? Yaushe za ta yi ɗiya, mu zo roro?"

Yusha'u ya zo da tabarma ya shimfiɗa a gindin bencin, ya ce shi ya kama wuri tun yanzu, kafin inuwa ta yi tsada. Mati ya ce su yi ta dariya, duk ƙasar Yawuri babu kafintan da ya taɓa yin benci mai rai sai shi.

Waɗanda suka fi kowa yarda da wannan magana su ne awaki. Bunsurun Inna Dudu ne ya fara ɗanɗanawa, ya je ya kai labari. Abin nema ya samu. Washegari awakin Tungar Illo kaf suka yi sallama gidan Mati, manya da ƙanana, har da wata gurguwa da ba a san mai ita ba. Su ci ganyen benci, in sun gama su juya, ga ƙofar ɗaki a buɗe taku biyu, su shiga neman abin da za su kora da shi. Da ana fama da bunsuru ɗaya, yanzu garke ne. Suka ci shinkafa, suka ci gefen tabarma, wata ta tauna ɗankwalin Asibi na zuwa biki.

Ranar Asibi ba ta yi ihu ba, kuma shi ne abin da ya ba Mati tsoro. Ta kai ragowar shinkafarta ajiya gidan Inna Dudu, ta ɗaure ƙunshinta, ta tsaya a gabansa.

"Za ni Shanga sunan ɗiyar ƙanwata. Ran kasuwa ni ka dawowa. Maigida, ban roƙe ka zane ba, ban roƙe ka awarwaro ba. Ƙyauren Baba nike son in iske bisa ƙohwata. Shi ke nan."

"Ki tahi da kwanciyar rai. Za ki iske abin da za ki riƙe baki."

A wannan kam bai yi ƙarya ba.

Tana fita ya tone bencin, ya sassare saiwoyi, ya tsige ganye. To ɗanyen itace in ya bar ƙasa ya sha rana, motsewa yake yi. Ƙusoshi suka saki, benci ya koma rawarsa ta da, har ya fi da iyawa. Mati ya tuna bencin Kainji yana da 'yan katakai da ake gicciyawa tsakanin ƙafafu su riƙe juna. Su ne babu. Ya zaga gari neman katako, amma labarinsa ya riga shi zuwa. Inna Dudu ta ɓoye taɓaryarta a ƙarƙashin gado. Yusha'u ya kwana cikin jirginsa. Ladan ya shigar da bencin masallaci ciki ya ja ƙofa.

Mati ya dawo ofis ya zauna, ya yi tagumi. Yana ɗaga kai sai idonsa ya faɗa kan ƙyauren maɗaci, jingine, ja wur, busasshe kamar ƙashi. Sai wata dabara ta faɗo masa, irin wadda ba ta zuwa wa kowa sai injiniya. Ai yatsa huɗun nan dole a cire su. Cire su ma shi ne aikin. In an cire, me za a yi da su? A yar? Ga benci yana kuka da yunwar katako?

Ya ɗora ƙyauren a kan benci, ya danne da gwiwa, ya sa zarto. Benci ya yi hagu, zarto ya yi dama. Yankan da ya fara da yatsa huɗu a sama, ya ƙare da taƙi guda a ƙasa. Mati ya dubi ƙyauren, ya dubi abin da ya faɗo. Abin da ya faɗo ɗin kam katako ne na nuna wa sa'a. Ya gicciya shi tsakanin ƙafa biyu ya buga ƙusa, ya girgiza. Rawar ta ragu da rabi.

Saura a miƙar da gefen ƙyauren, tunda ba a rataya karkataccen abu a gidan injiniya. Ya sake yanka. Wannan ya fi na fari miƙewa, ko da yake shi ma ya ɗan yi kwana a tsakiya. Ya buga shi a ɗaya gefen benci. Rawar ta ƙara raguwa. Mati ya ji wani daɗi ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa. Ashe duk yankan da aka yi, benci na ƙara ƙarfi, duk ƙarfin da benci ya ƙara, yanka na ƙara miƙewa. Wannan ai ko Baturen dam bai gano shi ba.

Ya gwada ƙyauren a ƙofa. Yanzu ƙofar ce ta fi shi faɗi, har kare zai wuce ta gefe bai goge ba. Gabansa ya ɗan faɗi, amma bai faɗi da nisa ba. Ya ce ai ƙyauren zamani ba ya cika ƙofa, saboda iska. Sai dai tsawon ya yi wa faɗin yawa, ba su dace ba, a ɗan rage sama. Ya rage sama, ya buga a benci. Ƙasa ta ga an rage sama, ita ma aka rage ta. Daga nan Mati ya daina kai shi ƙofa gwaji, domin gwajin ɓata masa rai yake yi. Garin neman gira dai aka yi ta tafiya. Yankan ƙarshe kuwa, a faɗi gaskiya, ya miƙe sarai babu ko ɗan lanƙwasa, Mati ya daɗe yana shafa shi da yatsa.

Abin da ya rage ya kai ofis ya rufe da buhu, ya yi alkawari da zuciyarsa ba zai tuna da shi ba sai an tambaya. Benci kuwa ya zama abin kallo. An gicciye shi ta gaba, an gicciye ta baya, an toshe ta gefe, ko ɗan tsako ba ya ratsa tsakanin ƙafafunsa. Mati ya hau ya yi tsalle. Ko gezau. Abu irin wannan ba a barin shi a ɓoye. Ya je da kansa ya gayyaci mai gari Illo, ya bi gida gida, ya ce ran kasuwa bayan la'asar kowa ya zo ya ga yadda ake aiki a Kainji.

Suka zo kuwa, domin mutanen Tungar Illo ba sa ƙin kallon kyauta, kuma kowa ya zo da dariyarsa a shirye. Sai dariyar ta rasa wurin sauka. Ƙarti suka hau bencin suka jeru, bai motsa ba. Suka yi ta sukuwa a kai, bai ce uffan ba. Yusha'u ya ja da baya ya kai masa hauri, ya koma yana tsalle da ƙafa ɗaya yana riƙe da babban yatsa.

"Wallahi taubashi, wanga karo ka yi. Ban so ba, amma ka yi."

Wata mata ta rangaɗa guɗa. Mati ya gyara zaman hular kwano, ya hau bencin ya tsaya, ya fara jawabi. Ya ce wannan somin taɓi ne. Ya ce bana zai yi wa gari ƙyamare, baɗi gada, in Allah ya kai rai ya yi wa Warra nata dam ɗin ƙarami. Yana cikin zayyana inda za a sa injin, sai ga Asibi ta shigo da ƙunshi a ka, ƙurar hanya a ƙafa. Ta dubi taro, ta dubi ƙofarta. Asabari ne dai a rataye.

Mai gari Illo, dattijo mai son a gama magana a tafi salla, ya yi gyaran murya.

"Madalla, Mati, benci ya yi. Ga uwargida ta iso daidai. To a kawo ƙyauren a ɗora, mu ga aikin da anka yi shi dominsa."

Mati ya sauko a hankali.

"Ranka shi daɗe, yau ranar benci ta. Ƙyaure shi ma za a sa mai tashi rana."

"Yatsa huɗu na anka ce. Ai kahin a kira salla ka gama."

"Zarton ya gaji, ranka shi daɗe. Ƙarhe ma yana son hutu."

Asibi ta sauke ƙunshi, ta nufi ofis ɗin da aka hana mace da akuya shiga. Aka ji ta ɗaga buhu. Ta fito riƙe da zoben ƙarfe da yatsa biyu, wani ɗan katako mai kusurwa huɗu yana reto a jikinsa, bai fi faifai ba.

Inna Dudu ta matso ta ƙura ido.

"Asibi, marhin tukunya kis sawo Shanga? Kai, ya yi kyau, har da mariƙi."

Taro ya fashe. Yusha'u ya manta da yatsansa ya faɗi ƙasa yana bugun cinya. Mati ya ɗaga murya yana cewa wannan taga ce, Turawa ma taga suka fi so, ƙyaure ya zama tsohon yayi.

Asibi ta wuce shi ta durƙusa gaban bencin. Ta sa yatsa a kan katakon da ya gicciya, ta bi zanen ƙayar kifi har inda ƙusa ta tsaga shi, ta tsallaka ta same shi a wani katakon yana kallon ƙasa, ta sake samun guntunsa ta baya. Dariya ta mutu da kanta. Duk wanda ke wurin ya baro wani abu a ƙarƙashin ruwan nan, kuma kowa ya san hannun da ya yi zanen. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Randata nib bari don shi," ta ce. "Da hannu Baba yas sassaƙa shi, ina ƙarama ina kwashe mai ɓawo."

Mati ya cire hular kwano. Tun da ya dawo daga Kainji ba a taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar.

Asibi ta miƙe ta share fuska da gefen zane. Ta ɗauki ƙunshinta, ta karɓo shinkafarta daga hannun Inna Dudu, ta ɗauki tulu da tukunyar tuwo ta shige ɗaki. Ta fizge asabarin ta jefo waje, sannan ta leƙo.

"Yusha'u, kai da samarin ga, ku taimake ni. Ku tada shi tsaye, ku kawo shi nan. Ƙyauren Baba na, ko an mai da shi mi. Bisa ƙohwata za shi kwana."

Ba su jira an sake faɗa ba. Suka kinkimi bencin, suka tayar da shi a kan gindinsa, suka tura bakin ƙofa. Ya ɗan cije. Suka haɗa kafaɗa suka yi kabbara, ya shige da ƙara, ya toshe ƙofar tam daga sama har ƙasa.

Inna Dudu ta kanga baki a wata 'yar kafa.

"Ke ɗiyan nan, to ke ta ina za ki hita?"

"Inna, tun da munka tare ban zauna ba, ina gadin awaki. Bari in huta tukuna."

Hadari ya taso daga wajen tafki, iska ta fara kaɗa zana. Mati ya matso, hula a hannu, ya sassauta murya yadda ya ga ba kowa zai ji ba, kowa kuwa ya ji.

"Asibi. To ni hwa? Ga ruwa tahe, ga tuwo ciki."

"Ai kai kay yi shi, Injiniya. Buɗe ka shigo."

Mati ya ajiye hula. Ya sa kafaɗa ya tura. Ya ja. Ya ja da baya ya zo da gudu ya banke shi, ya koma ya zauna daɓas a ƙasa. Ɗigon fari ya sauka a tsakiyar kansa, na biyu ya bi, mutane suka fara jan riguna suna rufe kai, amma babu wanda ya tafi. Ya tashi ya sake rungumar bencin, ya yi nishi har jijiyar wuyansa ta fito. Sannan ya saki, ya tsaya yana haki, ruwa na bin fuskarsa. Ya dubi bencin sama da ƙasa, ya juyo wajen jama'a, ya nuna shi da hannu.

"Kun dai gani da idonku," ya ce. "Ko motsi."